Giyar Gida a Amurka da Turai: Matsalar Ɗura Ƙaramar Dahuwa a Kwalba

A manyan biranen Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Turai, inda kuɗin haya ke da tsada kuma ɗakin girki ba ya wuce taku uku ko huɗu, an samu yaɗuwar wata al'ada a 'yan shekarun nan, wato dafa giya a gida da ƙaramin ma'auni, galan ɗaya kacal, wanda bai cika lita huɗu ba. Mai wannan sha'awa yakan dafa ruwan sha'ir a tukunyar miya, ya juye shi a tulun gilashi mai ƙaramin baki, ya zuba masa yis, ya tura shi ƙasan kabad har mako biyu ko uku, sannan ranar ɗuri ta zo, a jera kwalabe tara ko goma a kan tebur, ga siririn tiyo, ga ɗan sikeli, ga abin danne murfi.

Yawancin koke-koken masu wannan aiki a kan wannan rana suke taruwa. Wani giyarsa takan fito lami babu kumfa, wani kuwa da ya ɓalle murfi sai rabin kwalbar ya yi tsiri har rufin ɗaki, wani ya tarar da ɗanɗanon ya koma na jiƙaƙƙen kwali, wani kuma ƙarar fashewar gilashi ce ke tashinsa da tsakar dare, abin da su da kansu suke kira bam ɗin kwalba. Tushen duk waɗannan matsaloli ɗaya ne: ɗura irin wannan giya a kwalba sabuwar tsimuwa ce ake tayarwa a cikin rufaffen gilashi, kuma gwargwadon ƙanƙantar dahuwa, gwargwadon yadda ɗan kuskure ke yin girma.

Yadda doka ta buɗe ƙofa

A Amurka an haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, kuma ko bayan an ɗage haramcin, dokar tarayya ta bai wa magidanci damar yin ruwan inabi a gida amma ba ta ambaci giyar sha'ir ba, don haka masu dafa ta suka ci gaba da yi a ɓoye har fiye da shekara arba'in. Sai a watan Oktoban 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta halatta abin, ta kuma fara aiki a farkon 1979, inda aka yarda baligi ɗaya ya dafa har galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye kuma galan 200, bisa sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Kowace jiha tana da nata ikon, shi ya sa Alabama da Misisipi ba su bi sahu ba sai a 2013.

Birtaniya ta riga Amurka, domin tun 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke lasisin da ake buƙata kafin a dafa giya a gida. A shekarar da Carter ya sa hannu ne Charlie Papazian da abokinsa suka kafa ƙungiyar masu dafa giyar gida ta Amurka a garin Boulder na jihar Kolorado, kuma littafin da ya fitar a 1984 ya zama jagoran dubban masu koyo. Ƙungiyar ta taɓa ƙiyasta cewa masu wannan sha'awa a ƙasar sun haura miliyan ɗaya. Daga cikinsu ne manyan kamfanoni da dama suka tsiro, misali Ken Grossman, wanda ya fara da shagon sayar da kayan dafa giyar gida a garin Chico na Kalifoniya kafin kamfaninsa na Sierra Nevada ya fara aiki a 1980.

Ma'aunin da aka saba da shi tun wancan zamani shi ne galan biyar, kimanin lita 19, wanda ke cika kwalabe kusan hamsin. Wannan yana buƙatar babbar tukunya, da murhu mai ƙarfi, da wurin ajiya, da ƙarfin ɗaukar bokiti mai nauyin kilo ashirin, abubuwan da mazaunin bene na biyar ba shi da su. Galan ɗaya kuwa kayansa ba su da tsada, idan ya lalace asarar ba ta da yawa, kuma yana ba da damar gwada sabon haɗi kowane mako. Zaman kulle na 2020 ya ƙara wa abin kasuwa a ƙasashe da yawa, har a Afirka ta Kudu, inda gwamnati ta hana sayar da barasa a lokacin, aka yi ta rububin abarba da yis domin yin tsimi a gida.

Abin da ke faruwa bayan an rufe murfi

Yis wata ƙwayar halitta ce daga dangin naman gwari, wadda ido ba ya iya ganin guda ɗayanta, kuma ita ce dai masu gidan burodi ke sa wa ƙullu ya tashi. Idan ta sami sukari a wurin da iska ta yi ƙaranci sai ta cinye shi ta fitar da abu biyu, barasa da iskar kabon dayoksaid, kusan rabi da rabi ta fuskar nauyi. Louis Pasteur, wanda ya wallafa littafinsa a kan giya a 1876, shi ne ya tabbatar cewa wannan aikin rayayyun halittu ne, kuma cewa lalacewar giya daga wasu baƙin ƙwayoyi take zuwa. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kwapanhagan, ya yi nasarar ware irin yis guda tsantsa ya raine shi.

A tsimuwar farko, wadda ake yi a cikin tulu, ana toshe bakin tulun da wata 'yar na'ura mai ruwa a ciki wadda ke barin iskar ta fita amma ba ta barin ta waje ta shiga. Saboda haka idan yis ya gama cin sukarin sha'ir, giyar takan kasance kusan lami. Manyan kamfanoni suna tace ta, su dafa ta sama-sama domin kashe ƙwayoyin da suka rage, su tura mata iska da injin, sannan su ɗura. Mai yi a gida ba shi da wannan injin, don haka sai ya koma tsohuwar hanya, ya ƙara ɗan sukari da aka auna, ya ɗura, ya rufe kam, ya bar ragowar yis da ke yawo a cikin ruwan ya cinye wannan sabon sukari. Tun da yanzu iskar ba ta da mafita, sai ta narke a cikin ruwan, ita ce kumfar da ake gani in an buɗe.

Masana suna auna wannan iska da wani ma'auni da suke kira ninki. Ninki ɗaya yana nufin lita ɗaya ta iska ta narke a cikin lita ɗaya ta ruwa, abin da ya yi daidai da kimanin giram biyu na iskar. Yawancin giyar kwalba tana tsakanin ninki biyu da biyu da rabi, ta gargajiyar Ingila ba ta kai haka ba, ta alkama da ake yi a Jamus da wasu na Beljiyam kuwa sukan haura uku. Kimanin giram huɗu na sukarin shayi a lita ɗaya yana ba da ninki ɗaya, kuma giyar da ta gama tsimuwa a ɗaki mai sanyin digiri 20 tana riƙe da kusan ninki ɗaya nata na kanta. Da wannan lissafi ne ake isa ga adadin da aka fi amfani da shi, giram shida zuwa bakwai a kowace lita, wato giram ashirin da 'yan kai ga galan ɗaya gaba ɗaya.

Darasin da aka koya da jini

Turawa ba su fahimci wannan lissafi da wuri ba. Akwai wani labari da marubuci Thomas Fuller ya kawo a ƙarni na 17, cewa wani babban limamin cocin St Paul a Landan mai suna Alexander Nowell ya mance da toshasshiyar kwalbar giya a bakin kogi, da ya dawo bayan kwanaki ya buɗe ta sai ta yi ƙara kamar bindiga. Masana tarihi sun fi ɗaukar labarin a matsayin almara, sai dai yana nuna cewa tun a lokacin an lura da abin ba tare da an san dalilinsa ba. A wannan ƙarni ne masu narkar gilashi a Ingila suka koma amfani da kwal maimakon itace, wutarsu ta ƙara zafi, kwalabensu suka ƙara kauri da ƙarfi.

Inda aka fi shan wuya shi ne yankin Shampen na Faransa, inda ake yin ruwan inabi mai kumfa ta wannan hanya ta tsimuwa a kwalba. A farkon ƙarni na 19 akwai shekarun da kaso mai yawa na kwalaben ajiya ke fashewa idan zafi ya shigo, ɗaya ta tashi ta tayar da maƙwabtanta, har ma'aikata suka riƙa sa takunkumin ƙarfe a fuska kafin su shiga rumbun ƙasa. A tsakiyar shekarun 1830 ne wani mai haɗa magunguna a garin Châlons, Jean-Baptiste François, ya fito da hanyar auna sukarin da ya rage a ruwan kafin a ɗura, asarar ta ragu ƙwarai. A yau ana sa kimanin giram 24 a lita a Shampen, wanda ke haifar da matsi ninki biyar zuwa shida na iskar sarari, shi ya sa kwalbarsa ke da kauri da nauyi, murfinta kuma ɗaure da waya.

Murfin ƙarfe mai haƙora da kowa ya sani a kan kwalbar lemo, William Painter ne na birnin Baltimo ya yi rajistarsa a 1892, kuma na yanzu haƙoransa 21 ne. Kafin shi, a 1875, an yi rajistar murfi mai maƙalar waya da zoben roba, irin wanda kamfanin Grolsch na Holan ya shahara da shi. Masu ƙaramar dahuwa suna son wannan na biyun domin ba ya buƙatar abin dannewa kuma ana maimaita shi, illa dai zoben robar yakan bushe ya tsattsage, iska ta riƙa sulalewa ba a sani ba. Kwalabe masu murfin murɗawa kuwa ba a cika yarda da su ba, saboda leɓensu siriri ne, yakan ɓantare a ƙarƙashin abin dannewa na hannu.

Giram kaɗan, bambanci mai yawa

A nan ne ƙanƙantar dahuwa ke nuna halinta. Wanda ya dafa lita 19 ya yi kuskuren ƙarin giram goma na sukari, abin da ya ƙaru a kowace lita kimanin rabin giram ne kawai, ba ma zai lura ba. Wanda ya dafa galan ɗaya ya yi wannan kuskure kuwa, ya ƙara fiye da giram biyu da rabi a kowace lita, wato kusan kashi biyu bisa uku na ninki guda. Bugu da ƙari, abin da aka rubuta galan ɗaya ba ya fitowa galan ɗaya, domin akwai gwiɓa, wato tarin mataccen yis da ɓurɓushin sha'ir da furen hof (wanda ake sawa don ɗaci da ƙamshi) da ke kwanciya a gindin tulu, wadda ke cinye wani kaso na ruwan. Mai koyo da ya auna sukari don lita 3.8 alhali abin da ya kwashe bai fi lita uku ba, ya riga ya wuce ƙa'ida da kusan kashi ɗaya bisa huɗu tun kafin ya taɓa kwalba.

Hanyoyin sa sukarin uku ne, kuma kowace tana da masu kare ta. Ta farko ita ce a narka sukarin duka a ɗan tafasasshen ruwa, a zuba a wani tsaftataccen mazubi, a juyo giyar a kansa ta gauraya, sannan a ɗura. Masu wannan ra'ayi sun ce ta haka ne kowace kwalba ke samun rabo daidai, masu suka kuma sun ce juyi biyu ke nan, kuma kowane juyi yana shigar da iska yana kuma rage ruwan da dama bai da yawa. Ta biyu ita ce a zuba sukari kai tsaye a kowace kwalba, inda kwalba mai mililita 355 ke buƙatar giram biyu da ɗan wani abu, kimanin rabin ƙaramin cokali. Matsalarta ita ce cokali ba sikeli ba ne, wanda ya tula cokali guda cur ya ninka adadin, ya kai kwalbar kusa da ninki huɗu, iyakar da masu sana'ar ba sa so kwalbar yau da kullum ta kusanta.

Ta uku ita ce wasu 'yan ƙwayoyin sukari masu kama da alewa da ake sayarwa, ɗaya ga kowace ƙaramar kwalba. Sun fi sauƙi, amma ba su ba da damar ragewa ko ƙarawa gwargwadon irin giyar, kuma an yi su ne don wani girman kwalba takamaimai. Wasu ƙwararru sun fi son narka sukarin a ruwan da aka auna, su raba shi cikin kwalabe da sirinji, hanyar da ta haɗa daidaiton ta farko da ƙarancin juyin ta biyu. Idan aka dubi lissafin da idon basira, sikeli mai auna giram da ɓangarensa, wanda kuɗinsa bai kai na sauran kayan ba, ya fi duk wata na'ura da ake tallatawa amfani ga mai ƙaramar dahuwa, amma shi ne abin da masu koyo suka fi mancewa da saye.

Gaggawa ta fi sukari ɓarna

Duk da haka, yawancin kwalaben da ke fashewa ba sukarin da aka ƙara ne ke fasa su ba, wanda aka bari a ciki ba a sani ba ne. Mai koyo yakan ga na'urar bakin tulu ta daina kumfa ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali wataƙila sanyi ne ya sa yis ya yi likimo, ko murfin ne ke yoyo. Abin da ke raba gardama shi ne ma'aunin kaurin ruwa, wani siririn gilashi mai lambobi da ake tsomawa, wanda ke nuna 1.000 a ruwan sha, ya nuna kamar 1.050 a ruwan sha'ir mai zaƙi, ya sauka zuwa wajen 1.010 in yis ya gama. Ƙa'idar ita ce a auna yau, a sake aunawa bayan kwana biyu ko uku, in lambar ba ta motsa ba sannan a ɗura.

Kowane ɗigo ɗaya da lambar ta sauka a cikin rufaffiyar kwalba yana ƙara kusan rabin ninki na iska. Ke nan giyar da aka ɗura tana 1.014, alhali da an bar ta da ta sauka 1.010, za ta haifar da ƙarin ninki biyu a kan biyu da rabin da aka nufa. Sai dai wannan awo yana cin kusan rabin kofi ko fiye a kowane karo, abin da mai lita 19 ba zai ji ba amma mai galan ɗaya yake gani a matsayin asarar kwalba guda, shi ya sa da yawansu ke tsallake shi. Akwai wata na'urar da ke auna karyewar haske a ɗigo biyu na ruwa, amma barasa tana rikita ta, sai an gyara lambar da lissafi. Ko da ba a gyara ba, tana iya nuna ko lambar ta tsaya wuri ɗaya, kuma wannan shi ne abin da ake nema.

Akwai kuma baƙin ƙwayoyi. Wasu nau'o'in yis na daji, da wani reshe na yis ɗin giya da masana ke kira diyastatikus, suna iya farfasa sarƙaƙƙen sukarin da yis na yau da kullum ya gaza ci, su ci gaba da aiki a hankali har watanni. Wannan ya taɓa tilasta wa wasu kamfanoni a Amurka janye kayansu daga kasuwa. Domin haka ake bambanta wanki da kashe ƙwayoyi: wanki shi ne a cire dattin da ido ke gani da burushi, musamman busasshiyar gwiɓa a gindin tsohuwar kwalba, kashe ƙwayoyi kuwa shi ne a jiƙa kwalba da murfi da tiyo a ruwan magani, irin su Star San ko mai sinadarin aidin, na ɗan lokaci kafin ɗuri. Maganin ba ya ratsa datti, don haka na biyu ba ya tsayawa a madadin na farko.

Tiyo, gwiɓa da iska

Kwasar ruwan daga tulu zuwa kwalba ana yin ta ne da tiyo, tulun a sama kwalba a ƙasa, kamar yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur daga tanki, sai dai a nan ba a sa baki, domin bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin da ke tsamar da giya. Akwai ɗan famfon hannu da ke tayar da zuƙon, da wata siririyar sanda mai rami da ake maƙalawa a ƙarshen tiyo, wadda ke da ɗan maɓalli a bakinta, in an danna ta a gindin kwalba ruwa ya zubo, in an ɗaga ya tsaya. Ana cika kwalbar har baki, in aka zare sandar sai ruwan ya sauka ya bar sarari kamar faɗin yatsu biyu a wuya.

Ga ƙaramin tulu aikin yana son hannu uku. Hannu ɗaya yana riƙe da famfon don kada bakinsa ya nutse cikin gwiɓa, ɗaya yana danna sanda a kwalba, ga kuma buƙatar karkata tulun a hankali idan ruwa ya yi ƙasa. Da an ɗan girgiza, gwiɓa ta tashi kamar hazo, kwalabe biyun ƙarshe su fito a gurɓace. Wasu kan sa tulun a firij kwana ɗaya ko biyu kafin ɗuri domin gwiɓar ta danƙare, wasu su ɗora shi a inda za a yi aikin tun daren jiya, wasu kuma su bar gilashi su koma bokitin roba mai famfo a gefe.

Dalilin da ya sa ba a tuttulawa ta mazurari kawai shi ne iskar oksijin. Kafin tsimuwa yis yana buƙatarta, amma bayan tsimuwa ita ce babbar abokiyar gabar giya, domin tana haɗuwa da wasu sinadarai ta haifar da ɗanɗanon kwali, ta kashe ƙamshin hof, ta kuma duhunta launi. Hof wani fure ne na tsiro mai yaɗo da ake sawa don ɗaci da ƙamshi, kuma irin giyar da ake yayi a Amurka yanzu, mai yawan hof da launin ruwan lemo, tana iya komawa ruwan ƙasa cikin 'yan makonni idan iska ta shige ta. A ƙaramar dahuwa fuskar ruwan da ke haɗuwa da iska ta fi yawa idan aka kwatanta da adadinsa. Abin da ke ɗan rage ɓarnar shi ne yis ɗin da ke cikin kwalba yana shanye wani kaso na iskar yayin da yake cin sukarin.

Bayan an rufe, ana ajiye kwalaben a tsaye a wuri mai duhu, a zafin digiri 18 zuwa 24, har mako biyu ko uku. Duhun yana da dalili, domin haske yana farfasa sinadaran ɗacin hof ya haifar da wani wari mai ɗoyi, kuma kwalba ruwan ƙasa ta fi koriya ko fara kare wannan. Masu taka-tsantsan suna sa kwalaben a akwati mai murfi saboda ko da ɗaya ta tashi, sannan sukan cika gorar roba ɗaya daga cikin dahuwar, su riƙa matsa ta kullum da yatsa, ranar da ta yi tauri sun san sauran ma sun kai.

Burukutu, zoɓo da gorar da ta kumbura

A ƙasar Hausa barasa haramun ce ga Musulmi, kuma tun bayan da Zamfara ta fara a 1999 jihohi goma sha biyu na Arewa suka ɗauki shari'ar Musulunci, har Hisbar Kano takan farfasa kwalaben giya a bainar jama'a. Amma dafa giyar hatsi tsohuwar sana'a ce a Filato da Binuwai da kudancin Kaduna da Taraba da Adamawa, inda mata ke jiƙa dawa su bar ta ta yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ta ta yi tsami ta tashi a buɗaɗɗun tukwane. Irinta ce pito a arewacin Gana da bilbil a arewacin Kamaru da Chadi. Ba a ɗura burukutu a kwalbar gilashi a rufe, domin ana shansa ne a ƙwarya yana kan tsimuwa, ba a tace ba, cike da sitaci da ƙwayoyi iri-iri, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tsami yake cinye shi. A kudancin Afirka kamfanin da ke yin Chibuku, giyar dawa da masara, ya warware wannan ne da kwali mai ɗan huji a sama inda iska ke fita.

Inda wannan ilimi ya taɓa kowane gida shi ne zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da lemon citta da ake ɗurawa a tsofaffin gorunan ruwa. Duk sharuɗɗan sun cika: ga sukari da ya ninka na ɗurin giya sau da yawa, ga yis na daji daga iska da hannu da gorar da ba ta wanku ba, ga murfi a rufe, ga zafin bazara. Idan wuta ta ɗauke firij ya huce, gorar takan kumbura ta yi tauri, gindinta ya turo waje, in an murɗa murfi ta yi huci, abin sha ya yi wani ɗan yaji a harshe. Tun da iska da barasa tare suke fitowa daga yis, wannan huci alama ce cewa an fara samun ɗan burbushin barasa, ko da bai kai ya bugar ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna makamancin wannan a babin nabizu, wato ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki, da lokacin da yake fara tashi ya canza hukunci.

Masu kwalba da masu tanki

A tsakanin masu dafa giyar gida a Amurka, da yawa kan bar kwalba da zarar sun sami hali, su sayi ƙaramin tankin ƙarfe da tukunyar iskar kabon, su tura iskar da ƙarfi kamar yadda kamfanoni ke yi. Hujjarsu ita ce mazubi ɗaya ake wankewa maimakon hamsin, ana iya korar oksijin kafin a zuba, kuma ana daidaita kumfa da murɗa maɓalli cikin kwanaki kaɗan. Amma ga mai galan ɗaya wannan hujja ta yi rauni, domin kwalabe tara ba wani aiki ba ne, kuɗin tanki da tukunyar iska da firij ɗin ajiye su kuwa ya ninka na sauran kayan duka.

Masu kare kwalba kuma suna nuni da cewa hanyar ba ta marasa hali ba ce kawai. Gidajen zuhudun Kiristoci na Beljiyam, irin su Orval da Chimay da Westmalle, har yau a kwalba suke kammala tsimuwar giyarsu, Orval ma da gangan yake ƙara wani yis na daji domin ɗanɗanon ya riƙa sauyawa da tsawon ajiya, yana kuma amfani da kwalba mai kauri da za ta jure abin da zai biyo baya. Kamfanin Coopers na Ostareliya ma haka yake yi. Alamar irin wannan giya ita ce siririn farin yis da ke kwance a gindin kwalba, wanda a Ingila da Beljiyam akan tsiyaya a hankali a bar shi a baya, a kudancin Jamus kuwa masu shan giyar alkama sukan karkaɗa ragowar su juye shi duka a kofi.